Jiragen Roba na Mijin Ƙanwata

Ban taɓa son mijin ƙanwata ba, amma kafin shekarar da Hartum ta kama da wutar yaƙi ba ni da wani dalili da zan iya faɗa wa mutane. Dogo ne siriri mai tabarau, in ka gaishe shi da Hausa sai ya amsa maka da Larabci, alhali kakansa da kakanmu hanya ɗaya suka biyo daga yamma. A Madani aka haife shi, can ya yi karatu, ya samu aiki a Hartum a wani ofishi inda ake zana gidaje a takarda kafin a gina su. Ustaz kowa ke ce masa. Ni ma haka nake ce masa in ta kama dole, kuma ba ta cika kamawa ba, domin a wurinmu yayar mata suruka ce. Ba ya zama inda nake zaune, ba na cin abinci a gabansa, ba ma haɗa ido. Wannan kunyar ce ta rufa mana asiri shekara da shekaru.

Ƙauyenmu yana kusa da Suki, a bakin babbar tur'ar da ke kawo wa gonaki ruwa daga kogi. Maigidana yana da hawasha a can, wato gonar ban ruwa, yana noma auduga da dawa, wani lokaci da ɗan riɗi. Ni kuma ina shanya kuɓewa, in daka ta ta zama waika in kai kasuwa, ina da kajina da awakina. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Da yaƙin ya koro ƙanwata da iyalinta, da rana tsaka wata babbar mota ta sauke su a kan gadar tur'a. Ƙanwata ta rame, leɓɓanta sun tsage, 'ya'yanta uku sun yi futu-futu. Na rungume ta muka yi kuka. Abin da ke hannunta ƙullin tufafi ne da buta, ba ƙari. Shi kuwa Ustaz yana tsaye tsakanin manyan akwatuna biyu, ya dafa kowanne da hannu ɗaya. Maigidana ya jawo amalanken jaki, ya sunkuya zai ɗauki guda, sai Ustaz ya ce a'a, shi zai ɗora da kansa, kuma kada a kifa su, kada a ɗora kome a kansu. Yaran suka tako a ƙasa, akwatuna suka hau amalanke. Na ce a raina, to, ko ba kome sun tsira da wani abu mai daraja.

Ɗakuna uku gare mu, sai rakuba a tsakar gida inda muke shan inuwa. Na fitar da 'ya'yana mata daga ɗakinsu na ba baƙi, su suka dawo wurina. Na ukun shi ne ɗakin ajiyata, inda buhunan dawa suke, da tulunan waika, da wani tsohon ƙyauren katako da nake shanya kuɓewa a kai. Ustaz ya aiko matarsa ta roƙa masa lungu ɗaya a ɗakin nan don ya ajiye akwatunansa. Na ce ai ba sai an roƙa ba.

Da suka ɗan huta, wata safiya na shiga ɗiban dawa, na tarar ya buɗe su. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Babu tufafi a ciki, babu tukunya, babu ko bargo. Ledoji ne jere reras, kowace cike da 'yan tubalan roba, ja daban, baƙi daban, ruwan toka daban, ƙanana daban, manya daban. Kowane tubali yana da 'yan ƙuraje a sama da rami a ƙasa, in aka danna wani a kan wani sai su kama juna. Akwai gwangwanin shayi cike da 'yan tayoyi, da damin layin dogo na roba an ɗaure shi da zare. Irin abin da ake saya wa yaro ranar salla, sai dai wannan ya isa a raba wa yaran ƙauyenmu kaf har a rage wa na maƙwabta.

Na fito na sami ƙanwata tana wanke-wanke.

"Ke, mi na gani cikin akwatunan can?"

Ba ta ɗago kai ba. "Muka'abat ɗinsa ne, Yaya. Jiragen ƙasa yake haɗawa da su. Tun yana saurayi yake tara su. Duk wanda za ya dawo daga Saudiyya sai ya roƙe shi, duk Juma'a yana kasuwar gwanjo yana tonon buhuna."

"To kayanku fa?"

"Direban ya ce kowane gida kaya biyu, ba ƙari. Ni na riga na hito da keken ɗinki har bakin ƙofa."

"Ina keken?"

"Yana can bakin ƙofa."

Keken nan na innarmu ne. A kansa ta ɗinka mana kayan makaranta, da ta rasu na bar wa ƙanwata shi don ita ce ta iya ɗinki. Da an zo da shi, da ƙanwata ta ci da 'ya'yanta a ƙauyen nan ba tare da ta dubi hannun kowa ba, don mai ɗinkin mata ɗaya ce tak a garin, ita ma idonta ya fara mutuwa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Daga ranar nan na sami dalilina.

Lungun da aka roƙa bai daɗe yana lungu ba. Da farko ya tura buhunan dawa jikin bango. Sai ya ɗauko gadajen igiya biyu daga rakuba, ya jera su, ya shimfiɗa ƙyaurena a kai, ya ce wa matarsa aro ne. Kuɓewata ta koma shanya a kan buhu a ƙasa, awaki suna bi ta kai. A kan ƙyauren ya shimfiɗa layin dogonsa ya zagayo da shi. Tun daga bayan sallar asuba yake shiga, ba ya fitowa sai an kira shi cin abinci, ina jin 'yar ƙarar tubalan ƙas, ƙas, ƙas ta cikin bango kamar ɓera na cin gyaɗa.

Ba zan ce bai iya ba. Ya fara haɗa ɗan ƙaramin jirgin nan da a da yake kwasar auduga daga gonakin Jazira zuwa wurin gurza, kansa kore, taragunsa gajeru, ya cika su da fararen tubala kamar dilolin auduga. Daga nan ya gina dam ɗin Makwar da ƙofofin ruwansa ɗaya bayan ɗaya, ya bi da layi ta samansa, ya ɗora wani dogon jirgin fasinja mai 'yan tagogi. Kan wannan jirgin yana da batir a ciki, in ya danna sai ya tashi da kansa yana zagaye. Duk wanda ya taɓa ƙetare Makwar zai gane shi da kallo ɗaya. Wannan ma ya ƙara mini haushi. Mutum yana da hannu irin wannan, ga katangar bayan gidanmu ruwa ya cinye gindinta, bai taɓa ko duban ta ba.

Maigidana ya tafi da shi gona sau ɗaya. Kafin azahar suka dawo, tafin Ustaz ya yi bororo, ya kwanta yana riƙe da ƙugu. Maigidana ya ce a ƙyale shi, hannun alƙalami ne. Na ce bakin fa, shi ma na alƙalami ne? Domin kisra dai, wainar dawarmu, yana cin ta ninki uku, da miya har ƙasan kwano. Maigidana ya ce in ji tsoron Allah, baƙo ne, kuma ba da son ransa ya zo ba.

Tunda ba ni da bakin yi masa magana kai tsaye, sai na koma yi wa akuya. In na ga ya fito alwala, sai in dubi akuyata in ce, "Ci, 'yar albarka, ke dai kina ba da nono." Yana ji. Hausarsa ba ta fita, amma tana shiga sarai. Shi ma yana da tasa hanyar. In ya zo wucewa ta madafa sai ya ce wa matarsa da Larabci, da ƙarfi, hayaƙin itace yana sa wa roba dauɗa, ko ba za a iya hura wutar can nesa ba?

Sai kuma kwado. Wata rana na dawo daga kasuwa na ga an kafa ƙarfe a ƙofar ɗakin ajiyata, an rataya kwado sabo fil. Ƙanwata ta ce wai yara ne suka shiga suka taɓa masa tarago, ya ga gara a kulle. Mabuɗin yana aljihunsa. A gidana, dawata da waikata suna ciki, in zan ɗebi abin da zan dafa masa ya ci, sai na aika a karɓo mini mabuɗi daga wurinsa. Yakan taso ya buɗe da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya juya baya, wai kunya, amma ina ganin yadda yake karkato kai yana sauraron ko gefen zanena zai shafi wani abu.

Na kai ƙara wurin maigidana, sai na tarar an riga ni. Ashe kullum bayan la'asar, in ya dawo daga gona ya yi wanka, can ɗakin ajiyar yake shigewa. Mutumin da ya haifi 'ya'ya biyar, furfura ta fara cin gemunsa, ya durƙusa gaban ƙyaure yana kallon jirgin roba yana zagaye, bakinsa a sake. Ya ce mini yana yaro ya taɓa bin babansa cirar auduga a Jazira, ya ga ɗan jirgin nan da idonsa, har ya bi shi da gudu. Na ce to yanzu ma ka bi shi.

Daga maigidana labari ya fita. Dattawan gari suka fara zuwa, biyu-biyu, uku-uku, suna cire takalma a ƙofar ɗakin ajiyata kamar za su shiga masallaci. Su zauna su yi ta gardama, wannan ya ce taragun auduga sun fi haka tsawo, wancan ya ce a'a haka suke, wani ya ce shi ya taɓa kwana a tashar Sinnar yana jiran jirgin nan na fasinja. Ustaz yana zaune a tsakiya yana gyara tabarau, yana yi musu bayani kamar 'yan makaranta, in wani ya miƙa yatsa sai ya kama masa hannu a hankali ya mayar. Wa ke soya bunnin gahawa, wa ke daka shi, wa ke ɗora jabana, tulun dafa ta, a wuta don waɗannan baƙi? Ni. Da gawayina da sukarina. Mata kuwa in mun haɗu wurin ɗiban ruwa sai su tambaye ni, da Ustaz suke, "Ya jaririnku, ya fara rarrafe?" Su yi ta dariya, ni ma in yi yaƙe.

Haka muka yi damina, muka shiga kaka. Abin da ya tsinke igiyar kuwa kaza ce.

Ina da wata kaza wake-wake, uwar kajina duka, ba ta fashin ƙwai, in ta kwanta kuma ba ta tashi sai ta ƙyanƙyashe. Wata safiya Ustaz ya fito da kan jirgin fasinja tsakar gida don ya ɗauke shi hoto da waya a cikin haske. Yana juya shi, sai wani ɗan abu ya ɓalle ya faɗi ƙasa, ɗan kewayayye rawaya mai ɗaukar ido, bai kai ƙwayar wake ba. Fitilar goshin jirgin ce. Kafin ya sunkuya, kazata ta zo ta caf, ta haɗiye, ta wuce abinta.

Ina madafa ina tuƙa tuwo. Ya zo ya tsaya daga nesa, ya ba ni baya, ya kira matarsa.

"Ki gaya wa Yaya kazarta ta haɗiye mini fitila."

Ƙanwata ta dube ni. Na ce, "Na ji. Ki ce mishi Allah shi ba da haƙuri."

"Ki gaya mata irinta ɗaya ce gare ni. Daga waje aka kawo, ba a samun ta a ƙasar nan."

"Ki ce mishi kazar ma irinta ɗaya ta."

Sai ya ce, "Ki tambaye ta ko za a yanka. Yanzu tana cikin maƙoshi, ba ta yi nisa ba."

Na ajiye muciya. Na ce wa ƙanwata, "Ki ce mishi duk wanda ya sa wa kazar nan wuƙa, ni da shi ne har gaban liman."

Ya ɗauko babban kwandona ya kife kazar a ƙarƙashi, ya ɗora dutse, ya shimfiɗa mata leda. Kullum safe da yamma sai ya ɗage kwandon, ya ɗauki tsinke, ya tsuguna yana tona kashin kaza, tabarau a kan hanci. Maƙwabta suna leƙowa ta kan katanga. Ni ban hana ba, don na ga in dai wulaƙanci ne shi ke yi wa kansa. Kazar ta daina ƙwai, ta yi zuru-zuru, fitila ba ta fito ba.

Ana cikin haka aka aiko mana da rasuwar wata gwaggonmu a Dindir. Ƙanwata ba ta jin daɗi, sai na tafi ni kaɗai, na zauna har aka yi sadaka. Ranar da na dawo, tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin da ban bari a gidan ba. 'Yata babba ta karɓi jakata ba ta dube ni ba. Na duba gindin katanga, kwando yana jingine, dutsen yana gefe. A bayan madafa ga gashi wake-wake iska tana wasa da shi.

"Wa ya yanka?"

Ƙanwata ta fito daga ɗaki tana murza hannu. "Yaya, ta fara ciwo ne, ya ce kada ta mutu a banza."

"Ya samu abin nasa?"

Ta sunkuyar da kai. "Cikin ƙundu."

Ban cire mayafi ba. Na nufi ɗakin ajiya, ƙofa a buɗe take, kwado yana rataye a jikin ƙarfe. Yana zaune a gaban ƙyaurena, jirgin fasinja yana zagaye a kan Makwar, fitilarsa a goshi. Na shiga har tsakiya na tsaya a gabansa, na dube shi cikin ido. Tun da ya auri ƙanwata ban taɓa yin haka ba. Idanunsa ƙanana ne ashe.

"Ustaz, da kai nike."

Ya miƙe da sauri har ya bugi gado. Ya kashe jirgin. Ya ce, da Hausa, karo na farko da na ji ta cikakkiya a bakinsa, "Yaya, zan saya miki wata."

"Na ce maka sayarwa nike? Na ba ka ɗaki ka kulle mini shi. Na ba ka ƙyaure ka hana ni shanya. Keken uwata ka bar shi bakin titi don tarkacen wasan yara. Yanzu ka shiga kajina da wuƙa."

Fuskarsa ta yi baƙi. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ku matsalarku ke nan. Ba ku san darajar kome ba sai abin da za ya shiga ciki."

"Cikin ne ya kawo ka nan," na ce. "Da roba ana cin ta da ka zauna Hartum."

Ƙanwata tana bakin ƙofa tana kuka, maigidana ya shigo yana salati, yana cewa in fito, in dubi girman Allah. Na fito. Amma da zan wuce na zare kwadon daga ƙarfensa, na fita da shi har bakin tur'a, na wurga shi tsakiyar ruwa. Na tsaya sai da ruwan ya koma lif, sannan na dawo gida na cire mayafi. Miyar kazar ban taɓa ta ba, ban kuma bar 'ya'yana sun ƙara ko loma ba.

Maigidana ya hana shi sayen wani kwado, ya ce ya isa haka. Saboda haka Ustaz ya zama maigadi. Ya ɗauko kujera ya dasa a ƙofar ɗakin, nan yake wuni, nan yake cin abinci, in zai shiga bayan gida sai ya kira matarsa ta zauna masa. Dattawa suka ɗauke ƙafa, don na daina ɗora jabana. Gaisuwa ma ta mutu tsakaninmu. In na zo ɗiban dawa sai ya ja kujera gefe, in shiga in fito, ba wanda ya ce uffan.

Wata rana muna wanki a bakin tur'a ni da ƙanwata, ta ce tana so ta faɗa mini wani abu.

"Yaya, ba ki san abin da munka gani a hanya ba. Masu bindiga sun sauke shi daga mota, sun durƙusar da shi gaban ɗiyansa. Tun daga ranar in hannunsa ba ya riƙe da abin nan, rawa yake. Gidan ya tahi, aikin ya tahi, abokansa ba mu san inda suke ba. Shi ke nan abin da ya rage mishi."

Na ci gaba da cuɗa rigar da ke hannuna. Na ce, "Ke kuma mi ya rage miki?"

Ta tsoma wani zane a ruwa.

"Kowa yana da abin da ya gani," na ce. "Ke ma a motar kike. Ban ga kin zauna kina wasa ba, tun da kin zo hannunki yana cikin ruwa."

"Mijina ne, Yaya."

"Na sani. Ni ma ina wurin da anka ɗaura."

Ta kwashe wankinta ta koma can gaba. Daga ranar ita ma ta rage magana da ni, kuma wannan ya fi kazar yi mini ciwo. Shi na ɗora wa alhakin.

Bayan an gama cirar auduga wani ɗan uwansa ya samo masa aiki a Gadarif, wurin masu gine-gine. Ya wargaza Makwar, ya mayar da kome cikin ledojinsa, ya share ɗakin, ya jingine mini ƙyaurena a inda ya same shi. Ranar tafiya ya zo ƙofar madafa ya rusuna, ya ce ya gode, a yafe masa. Na ce Allah shi kiyaye hanya. Ban ce na yafe ba, shi ma bai jira ba.

Na ɗauka mun rabu ke nan. Damina ta gaba yaƙin ya iso mu. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Mun bar dawa a ɗaki, mun saki awaki, mun bi ta Dindir cikin taɓo tare da jama'ar da ba ta ƙirguwa. Ba mu da kowa a gabas sai ƙanwata. Maigidana ya ce can za mu. Na ce gara in kwana a makaranta tare da sauran 'yan gudun hijira. Ya dube ni, ya dubi 'yan matanmu, sai na bi shi.

Gidan hayarsu a Gadarif ɗaki biyu ne. Ƙanwata ta tare mu da kuka, ta ɗora ruwan wanka. Ustaz ya fito ya gaishe da maigidana, ya rusuna mini daga nesa, na amsa. Ɗaki ɗaya nasu ne da yara. Da na leƙa ɗayan, wanda ya fi girma, mai fanka a sama, sai na ga tebur daga bango zuwa bango. Ya sake gina Makwar, ya fi na da girma, ya ƙara tasha da rumfarta da tankin ruwa, jirage har uku. Na ce wa maigidana mu shimfiɗa tabarma a baranda.

Ustaz ya ji. Ya shiga ɗakin, ya bar ƙofa a buɗe, ya jawo akwatunansa daga ƙarƙashin tebur. Ya fara da rumfar tasha. Yana ɓalle tubali ɗaya, ya dube shi, ya jefa a ledarsa, ya ɓalle wani. Maigidana ya tashi zai taya shi, ya ce a'a, ya gode. Muna zaune a baranda da ƙafafunmu da suka kumbura, muna kallonsa ta ƙofa, tun hantsi har la'asar ta yi sanyi. Da mutum zai kwashe su gaba ɗaya ya zuba a buhu, da kafin a sauke shayi an gama. Amma sai da ya sa na ji faɗuwar kowane ɗaya. Maigidana har da share ido lokacin da aka zo kan ƙofofin dam.

Ƙanwata ta zo ta zauna kusa da ni, ta rage murya.

"Kin gani, Yaya? Bai taɓa wargaza su don kowa ba. Ko lokacin da na haihu a Hartum, inna ta zo zaman jego, a falo ta kwana."

"To ai abin da nike gaya miki ke nan tun tuni," na ce.

Ta tashi ta bar ni.

Da ya gama ya fitar da tebur, ya share, ya kunna fanka, ya ce wa matarsa, "Ki gaya wa Yaya ɗaki ya samu." Na ce wa ƙanwata ta ce masa an gode.

Mun zauna a ɗakin nan har hanya ta buɗe. Ban zauna haka kawai ba. Na karɓi girki da wanki, na samo kuɓewa a kasuwa na shanya a kan rufi, ba wanda zai ce na ci nasa a banza. Bai taɓa yi mini gori da baki ba, ban kuma ba shi hanyar yi ba. Akwatunan suna jingine a lungun ɗakin da muke kwana, na hana 'ya'yana ko jingina da su. In ya dawo daga aiki sai ya zauna a baranda hannu wofi, yana murza yatsunsa a kan gwiwa, yana kallon ƙofar ɗakin. Ina gani. Ban ce masa ya shigo ya ɗauka ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar da za mu koma gida, ƙanwata da yara suka rako mu bakin titi inda mota ke jira. Ustaz ya yi sallama da maigidana a ƙofar gida, ya ce yana da ɗan aiki. Ana cikin ɗaura kayanmu, sai na tuna na bar butata a baranda, na koma ɗauka. Har ya shigar da tebur. Ta taga na ji ya zazzage leda ta farko, tubalan suka zubo shaa a kan katako. Na ɗauki butata na fito.

Mun tarar da gida ba ƙofa ba taga, amma bango yana tsaye, muka fara daga nan. Su suna Gadarif har yanzu. Ƙanwata takan kira ni in an sami layi, mu yi maganar yara da tsadar sukari da wanda ya rasu. Can ƙarshe, don kada a ce, nakan tambaye ta, "Maigidan fa?" Ta ce yana nan lafiya. In ce to madalla, ki gaida yara.